Tamowa a Arewa: Abin da ke ɓoye a bayan "yaro ba ya cin abinci"

A ƙarshen watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar sakamakon tamowa. A tsawon wannan lokaci ƙungiyar ta kula da yara kusan 70,000 a jihar, kuma kusan 10,000 daga cikinsu sai da aka ba su gado. Adadin yaran da aka kai musu da kumburin jiki, wanda shi ne nau'in tamowa mafi saurin kisa, ya ƙaru da kashi 208 cikin 100 idan aka kwatanta da irin wannan lokaci a 2024.

Alƙaluman sun tayar da ƙura na 'yan kwanaki, aka yi ta musayar yawu a kan wanda ke da laifi, daga bisani hankali ya koma kan siyasa. Abin da ba a tsaya an duba ba shi ne hanyar da yaro ke bi kafin ya kai ga gadon asibiti. Ba a wayar gari a ga yaro ya kumbura. Makonni ake ɗauka, wani lokaci watanni, kuma ƙorafin da uwa ke fara yi guda ne, wanda duk ma'aikacin lafiya a karkara ya saba ji: yaron ba ya cin abinci, kuma yana ta ramewa. Matakin da iyali suka ɗauka a kan wannan ƙorafi, da abin da suka tarar idan sun nemi taimako, su ne ke raba yaron da zai murmure a gida da wanda za a ɗauko a mota ranga-ranga.

A mafi yawan gidaje matakin farko shi ne kemis ɗin unguwa. Mahaifi ya ce a ba shi maganin cin abinci, mai kemis ya miƙo kwalba mai hoton ɓulɓul ɗin jariri, a biya, a tafi. Yawancin irin waɗannan magungunan ruwa suna ɗauke da wani sinadari mai suna siproheftadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da borin jini. An lura yana sa jin yunwa, sai aka mayar da shi haja. Likitan yara kan rubuta shi a wasu yanayi na musamman bayan ya yi bincike, amma ba a yarda a bai wa yaron da bai kai shekara biyu ba, kuma babu shi a cikin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da tamowa. Yana kuma sa barci da kasala, ga shi yaron da ke barci ba ya cin komai.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar deksametason da danginta, waɗanda 'yan mata masu neman ƙiba suka laƙaba wa suna sha-ka-fashe. Idan aka bai wa yaro, kumatunsa kan ciko cikin 'yan makonni, iyaye su ɗauka an dace. Ruwa ne da kitse suka taru a fuska, alhali ƙwayar tana karya garkuwar jiki, tana hana tsawo, tana ɓoye zazzaɓin da zai nuna akwai cuta, kuma dakatar da ita farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da nasa haɗarin. Doka ta ce sai da takardar likita ake sayar da ita. Duk wanda ya san kasuwar magani a Arewa ya san iyakar inda wannan doka ta tsaya.

Kuɗin kwalbar ya isa a sayi ƙwai na kwanaki, kuma wannan ma asara ce. Babbar asarar dai ita ce lokaci: mako biyu ko uku da za a yi ana jiran magani ya yi aiki, cutar da ta hana yaron cin abinci tana ci gaba da cin sa.

Me ke hana yaro ci?

Lafiyayyen yaro da aka ajiye wa abinci ba ya barin kansa da yunwa. Idan ya ƙi ci har ya fara ramewa, akwai dalili, kuma a wannan yanki dalilan sanannu ne. Zazzaɓin cizon sauro na kan gaba, sai gudawa, da ciwon huhu, da ƙyanda, da tsutsar ciki, da ƙurajen baki da ke sa haɗiya ta yi zafi. Akwai tarin fuka, wanda a yara sau da yawa ba ya zuwa da tari mai tsanani, sai dai a ga yaro yana ta ƙanjamewa ba gaira ba dalili. Akwai kuma amosanin jini. Duk lokacin da jiki ke yaƙi da ƙwayar cuta yakan saki wasu sinadarai da ke kashe sha'awar abinci, shi ya sa ko babba idan zazzaɓi ya kama shi tuwo ke fita daga ransa.

Ƙarancin wasu sinadarai a jiki shi ma yana toshe ci. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata shida zuwa shekara biyar suna da ƙarancin jini. Yaron da jininsa ya yi ƙasa ba ya marmarin abinci, haka wanda ya rasa sinadarin zinki, domin har ɗanɗanon harshensa kan dushe. Daga nan matsalar ke ciyar da kanta: rashin ci ya raunana hanji da garkuwar jiki, rauni ya jawo sabuwar cuta, cutar ta ƙara toshe ci. Babu kwalbar da za ta warware wannan ƙulli matuƙar ba a gano bakin zaren ba.

Sai dai a yi adalci, ba duk yaron da ya rage ci ne ke cikin haɗari ba. Jariri kan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar zuwa shida, ya ninka shi sau uku idan ya cika shekara. A shekara ta biyu girman kan lafa, abin da zai ƙara bai wuce kilo biyu zuwa biyu da rabi ba, don haka cin nasa ma kan ragu, ga wasa ya ɗauke masa hankali. Wannan shi ne yaron da ake yawan kai wa likita a birane, siriri amma mai kuzari, wanda cikinsa ya cika da biskit da alewa da lemon kwalba kafin a sauke tukunya. Maganinsa tsari ne: a daina ba shi kayan zaƙi da shayi kafin lokacin abinci, a zaunar da shi ya ci tare da mutane. Abin da ke bambanta shi da yaron da ke cikin haɗari ma'auni ne, ba kallon ido ba, kuma a nan ne katin awo da ake bayarwa a asibiti yake da amfani. Yaron da layin nauyinsa ke hawa wata bayan wata lafiyarsa ƙalau ko da siriri ne. Wanda layinsa ya tsaya cak na wata biyu, ko ya fara gangarowa, yana bukatar a duba shi ko da kumatunsa ba su faɗa ba.

Akwai awon da ya fi wannan sauƙi, wanda uwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya yi a ɗakinta. Wani ɗan tef ne mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. Idan kaurin damtsen ya gaza santimita 11.5, tef ɗin zai nuna ja, alamar tamowa mai tsanani. Tsakanin 11.5 da 12.5 ruwan ɗorawa ne, wato yaron ya kama hanya. Daga 12.5 zuwa sama kore ne. Gwaji na biyu ba ya bukatar ko tef: a danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, idan gurbin yatsan ya zauna bayan an ɗaga, kumburin tamowa ne, kuma asibiti ya kamata a nufa a ranar.

Abin lura shi ne yadda su kansu cibiyoyin tamowa suke ɗaukar batun ci. Idan aka kai yaron da tef ya nuna ja, ana zaunar da uwarsa a gefe, a ba ta ƙunshin abincin nan na gyaɗa da madara da mai da sukari, wanda a wasu garuruwa ake kira madarar kwamaso, a ce ta ba shi a hankali. Idan ya ci gwargwado kuma babu wata cuta mai tsanani tare da shi, za a sallame su da guzurin mako ɗaya ko biyu, su riƙa dawowa awo. Idan ya kau da kai ya ƙi, gado za a ba shi, domin ƙin ci a wannan mataki yana nuna cewa hanta da hanji da sauran kayan ciki sun fara gazawa, ko kuma akwai wata cuta a ɓoye da jikin ya kasa nuna ta da zazzaɓi. A can ma ba a cika masa ciki. Ana fara masa da wata madara ta musamman mai suna F-75, kaɗan-kaɗan kowane awa biyu ko uku, dare da rana, saboda zuba abinci mai nauyi a jikin da ya daɗe da yunwa na iya tsayar da zuciya. Ashe ƙin cin da gida ke nema wa kwalbar magani, a wurin likita ƙararrawa ce ta gaggawa. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce yaron da ke da tamowa mai tsanani ya fi lafiyayyen yaro haɗarin mutuwa har ninki 11.

Kofin koko da cikin yaro

Ga yaron da bai kai wannan mataki ba, kuma aka yi maganin cutar da ke damun sa, sauran aikin a madafa yake. A nan lissafi ne mai sauƙi da ba kasafai ake yi wa iyaye bayaninsa ba. Cikin ƙaramin yaro yana ɗaukar kimanin mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo takwas ke nan kofi guda ne iyakarsa a zama ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu da ke shan nono yana bukatar kalori 550 a kullum daga abinci, ban da abin da yake samu a nonon. Idan an yaye shi, duka bukatarsa ta kusan kalori 900 daga kwano za ta fito.

Abincin da aka fi bai wa yaro a wannan shekaru kuwa shi ne koko ko kunu tsararo, wanda aka tsinka da ruwa don ya yi saurin wucewa. Kofi guda na irin wannan da ƙyar yake ba da kalori 100, wato bai kai ƙarfin nonon uwa ba. Yaron zai sha, cikinsa ya yi tim, uwa ta ga ta ciyar da ɗanta, alhali ruwa ya sha da ɗan gari. Sai ya sha kofi shida ko fiye kafin ya kai abin da jikinsa ke nema, kuma babu cikin yaron da zai ɗauki haka. Da yawan yaran da ake cewa ba sa ci, a gaskiya suna ci, abin da suke ci ne ba ya riƙe su.

Gyaran ba ya bukatar kayan kanti. Kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali ba tare da ya zube ba. A zuba masa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja ko man shanu, wanda shi kaɗai yana ƙara kalori 40 ba tare da ya ƙara yawan abincin ba. A dama da niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli ko garin waken soya da aka soya. Ƙwai ɗaya dafaffe yana ba da kalori kusan 70 da furotin mai kyau. Garin busasshen kifi, da 'yar hanta sau ɗaya a mako, da kindirmo, da alale, da awara, da faten wake, da kabewa, da garin zogale a miya, duk abubuwa ne da ake samu a kasuwar ƙauye. Garin da ƙungiyoyin agaji suka yaɗa a Borno da Yobe da sunan Tom Brown ba wani sirri ba ne: awo shida na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo uku na waken soya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne, a haɗa a niƙa. Gyaɗar dai a tsince ta da kyau a zubar da wadda ta yi fumfuna, kuma kada a bai wa ƙaramin yaro ita ɗanya ko soyayya ba a niƙa ba, don kada ta shaƙe shi. Zuma ma sai ya cika shekara.

Matan da suka iya kunun zaƙi sun san wata dabara da masana abinci suka daɗe suna yabawa, ko da yake ba don yara suke yin ta ba. Idan aka jiƙa dawa ko gero ya tsiro, aka shanya aka niƙa, ɗan kaɗan daga garin tsiron yana narkar da kunu mai kauri ya koma ruwa-ruwa ba tare da an ƙara ruwa ba. Yaron da ba ya iya haɗiye mai kauri zai sha wannan cikin sauƙi, kuma ƙarfin abincin na nan yadda yake. Sharaɗin kawai a sake tafasa kunun bayan an zuba garin.

Sai yawan ci. Ƙa'idar ita ce sau biyu zuwa uku a rana ga ɗan wata shida zuwa takwas, sau uku zuwa huɗu daga wata tara zuwa shekara biyu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, ga kuma nono. Yaron da ya rame ko ya tashi daga ciwo yana bukatar ƙarin ci ɗaya a kullum na aƙalla mako biyu. Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 11 cikin 100 kacal na yaran Najeriya 'yan wata shida zuwa 23 ne ke samun abincin da ya cika mafi ƙarancin ƙa'ida ta fuskar yawa da bambancin nau'i. A gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya ko biyu, kuma yara shida ke zagaye kwano guda, ɗan shekara ɗaya da rabi shi ne mai ƙaramin hannu da jinkirin tauna. Kafin ya kai loma uku an sid̃e kwanon. Ware masa nasa kwano, da zaman wani babba kusa da shi har ya gama, yana daga cikin matakan da ba su cin ko kwabo.

Akwai al'adun da ya zama dole a faɗi gaskiya a kansu. Ɗura na ɗaya daga ciki: a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a zuba masa idan ya buɗe baki neman numfashi. Kakanni suna yin ta ne da kyakkyawar niyya, kuma za su ce haka aka yi wa kowa. Amma kunun da ya kauce ya shiga huhu yana jawo ciwon huhu, wani lokaci ya kashe nan take, yaron da ya tsira kuma yakan tashi yana kallon cokali a matsayin abokin gaba. Haka nan kai yaro wurin wanzami a cire masa beli don ya ƙi ci, wanda ke ƙara masa ciwon makogwaro da zubar jini a kan ƙarancin jinin da yake fama da shi. Haka ɗora kowace gudawa a kan haƙori, a zauna ana jira ya fito, alhali ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14 ne maganin, kuma zinkin na taimakawa wajen dawo da ci.

Yaye na farat ɗaya shi ma yana jefa yara cikin tamowa. Da zarar uwa ta ga tana da ciki, sai a ce nononta ya lalace, a shafa masa maɗaci, a kai yaron gidan kaka a rana guda. Ya rasa nono, ya rasa uwa, ga baƙin wuri, sai ya ƙi abinci. Likitoci sun tabbatar cewa mai lafiyayyen ciki za ta iya ci gaba da shayarwa. Wannan matsala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Sunan da likitocin duniya ke kiran tamowa mai kumburi da shi, kwashiyoko, daga harshen Ga na ƙasar Ghana ya fito, inda likitar yara Cicely Williams ta bayyana cutar a shekarun 1930, kuma ma'anarsa ciwon da yaro ke yi idan aka yi masa ƙane.

Inda nasiha ta tsaya

Duk wannan bayani yana da iyaka, kuma rashin faɗar iyakar zalunci ne ga iyaye mata. Ba a ce wa matar da ba ta da gero ta ƙara ƙwai. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Abin da iyali ke fara yankewa idan cefane ya gagara shi ne mai, da wake, da kifi, da ƙwai, wato daidai abubuwan da ke sa yaro nauyi. A sassan Katsina da Zamfara da Sakkwato, 'yan bindiga sun hana noma ko sun ɗora wa manoma haraji, ma'aikatan lafiya kuma sun bar asibitocin ƙauyuka da dama. A wani awo da MSF ta yi wa iyaye mata 750 da suka kawo 'ya'yansu cibiyoyinta a Katsina, fiye da rabinsu su ma suna fama da tamowa. Uwar da ke shayarwa da yunwa a cikinta ba jahilci ne matsalarta ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna an ci baya. Yaran da suka tsumbure sun tashi daga kashi 37 cikin 100 a 2018 zuwa kashi 40, waɗanda nauyinsu ya gaza na shekarunsu kuma daga kashi 22 zuwa 27. Tun a 2018 jihohin Kebbi da Jigawa da Katsina kowacce ta haura kashi 60 a tsumburewa.

Duk da haka akwai gidajen da talaucinsu bai kai yadda kwanon yaro ke nunawa ba. Akwai magidancin da zai karya da shayi da ƙwai a teburin mai shayi, ya ci tsire da daddare a bakin titi, ya bar wa gida kuɗin garin tuwo da kuka. Akwai gidan da ke kiwon kaji amma duk ƙwan kasuwa yake tafiya, ko kuma a hana yaro saboda camfin cewa zai yi sata. Shirye-shiryen wayar da kai sun shafe shekaru suna tara mata a harabar asibiti suna koya musu dama kunu, alhali wanda ke riƙe da kuɗin cefane, kuma wanda sai da izininsa za a fita da yaro asibiti, yana majalisa ba wanda ya ce masa uffan. Limamai da masu unguwanni sun taka rawa wajen karɓar allurar shan-inna. Ba a ga an nemi irin wannan taimako nasu da gaske a kan abincin yara ba.

Ga yaron da ya riga ya shiga ja, babu kunun gida da zai maye gurbin madarar kwamaso. Ƙunshi ɗaya mai giram 92 yana ɗauke da kalori 500 da duk sinadaran da jikinsa ya rasa, ba ya bukatar ruwa ko wuta, kuma katan ɗaya mai ƙunshi 150 kan isa a yi wa yaro guda magani na mako shida zuwa takwas. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, lokacin yunwar 2005, aka tabbatar cewa za a iya warkar da dubban yara da shi a gidajensu ba tare da an kwantar da su ba. Yau akwai masana'antun da ke yin sa a Kano da Legas. Amma shekara da shekaru kuɗin sayensa daga waje yake zuwa, kuma UNICEF ta daɗe tana cewa daga cikin yara kimanin miliyan biyu da ke da tamowa mai tsanani a Najeriya, biyu cikin goma ne kawai magani ke kai wa gare su. Wanda ya samu ma ba lallai ya ci shi kaɗai ba: a gidan da kowa ke jin yunwa ana raba ƙunshin da 'yan'uwa, wani kuma ya ɓulla a kasuwa.

A 2025 wannan igiya ta ƙara tsinkewa. Gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairu, ta kuma rufe hukumarta ta USAID, wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu. A watan Yuli Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai sa a rufe cibiyoyin abinci mai gina jiki fiye da 150 a Borno da Yobe, waɗanda ke kula da yara sama da 300,000. Waɗannan cibiyoyi su ne ke tare yaro tun yana ruwan ɗorawa kafin ya faɗa ja. Arewa maso Yamma kuwa dama ba ta cikin tsarin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya taƙaita ga Borno da Adamawa da Yobe, abin da MSF ta sha kokawa a kai.

Gwamnatoci ba su zauna haka kawai ba. A watan Fabrairun 2025 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima, wanda ke shugabantar Majalisar Ƙasa kan Abinci Mai Gina Jiki, ya ƙaddamar da shirin N-774 da nufin kai aikin ga dukkan ƙananan hukumomi 774. Akwai kuma asusun da UNICEF ke gudanarwa, wanda duk naira ɗaya da jiha ta zuba don sayen kayan tamowa ake ƙara mata ɗaya, kuma jihohi irin su Jigawa da Katsina da Kano sun saka kuɗi a ciki. Ana gudanar da makon lafiyar mata da yara sau biyu a shekara, inda ake ba da bitamin A da maganin tsutsar ciki, ana kuma rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro gida-gida a watannin damina ga yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar. Duk waɗannan suna taɓa ainihin abubuwan da ke hana yaro ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin kasafi da sakin kuɗi, da kuma tsakanin sakin kuɗi da kalandar tamowa. Cibiyoyi sun fi cika daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, sauro da gudawa kuma suka yi yawa. Kafin a yi odar madarar, a sarrafa ta, a kai ta asibitin ƙauye, ana ɗaukar watanni. Jihar da ta saki kuɗinta a watan Agusta bayan jaridu sun buga hotunan yara, kayanta za su iso ne bayan an yi girbi. Tef ɗin awon damtse kuwa, wanda kuɗinsa bai kai na kwalbar maganin cin abinci ba, har yanzu a aljihun ma'aikacin lafiya yake a yawancin ƙauyuka, ba a hannun uwar da ke kwana da yaron ba.